A Bar Matan Zango Su Koma Kan Keke



Duk baƙon da ya kwana a Wagadugu ya fito da sassafe, abin da zai fara cika masa ido shi ne mata a kan keke. Ga mai kwandon latas da tumatir ta taso daga lambunan Boulmiougou, ga mai itace ta ɗaure shi a kariya har ya fi ta tsawo, ga wadda ta goya ɗa ta ɗora wani a baya za ta sauke shi a makaranta. Ga kuma matan da ke sharar tituna, waɗanda aka kafa ƙungiyarsu a 1995 zamanin magajin gari Simon Compaoré, da yawansu suna komawa gida da tsintsiya ɗaure a jikin keke. Babu mai kallonsu sau biyu. Garin shimfiɗaɗɗe ne, tudu da gangare kaɗan ne a cikinsa, kuma tun kafin a haifi yawancinmu abin hawa mai ƙafa biyu ne ke ɗauke da shi. Ƙasar nan ce ma ke shirya tseren keken da ya yi suna a Afirka duka, Tour du Faso, tun 1987.

A wannan garin ne kuma mata goma sha biyu daga cikinmu, mutanen Zango, suka zama abin tattaunawa a majalisun shayi da gidajen suna, don kawai sun shirya fita kowace Lahadi bayan sallar asuba su taka keke a hankali, kilomita uku zuwa biyar, su dawo gida kafin rana ta ɗaga. Ina cikinsu, kuma na ji abin da ake faɗa, wani a gabana, wani a bayan idona. Da don ni kaɗai ce da na yi shiru, tunda bakin mutane ba shi da marfi. Amma mata biyu sun daina zuwa. Babu wadda ta faɗi a cikinsu, babu wadda ta gaji, magana ce ta sauke su daga kan sirdi. Saboda haka zan ɗauki maganganun nan ɗaya bayan ɗaya in amsa su. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, mu ma mun ji.

Bari in fara da bayanin ko su waye matan nan, saboda masu karatu na Kano da Maraɗi da ba su san garinmu ba. Zangonmu, wanda Mosawa ke kira Zangouettin, unguwar Hausawa ce a tsakiyar Wagadugu, ba nisa da babban masallaci da babbar kasuwar Rood Woko. Kakanninmu fatake ne da suka yada zango a ƙasar Mogho Naba a kan hanyarsu ta Gwanja, zama ya yi daɗi suka zauna. Yarinyar da ta tashi a unguwar a shekarun 1980 da 1990 ta iya keke kamar yadda ta iya daka. A kansa ake aikenmu kasuwa, a kansa muke kai niƙa, a kansa muke zuwa lakwal. Wata da keken Peugeot na babanta ta koya, irin wanda masana'antar SIFA ta Bobo-Dioulasso ke haɗawa, tsawonta bai kai ta zauna a sirdi ba sai ta zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ta yi ta tafiya a karkace. Babu uban da ya hana. Amma ranar da aka ɗaura aure sai keke ya koma hannun ƙanne, ba tare da kowa ya buɗe baki ya faɗi dalili ba. Haka wata ta yi shekara ashirin, wata talatin, ba ta sake ɗora ƙafa a feda ba.

A 2003 aka tashi unguwar a ƙarƙashin shirin ZACA, domin a mai da wurin cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Wasu aka ba su filaye a gefen Waga 2000, kudu da gari, wasu a Nioko ta gabas, wasu suka bazu haya a cikin unguwanni. Sunan Zango ya biyo mu, har yau da shi muke kiran kanmu. Sai dai taku goman da ke tsakanin ɗakin mace da ɗakin yayarta ya koma kilomita goma ko fiye. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To ƙafar da ta kai shekara hamsin, ga nauyin jiki ga ciwon gwiwa, ba ta cin wannan nisan. Matar da ba ta da abin hawa nata sai ta jira ɗanta ya tashi daga barci ya ga dama ya kai ta, ko ta jira maigida ya ba da kuɗin taksi. Barka ta wuce ta, dubiya ta wuce ta, wani lokacin har gaisuwar mutuwa sai ran bakwai take samun zuwa. Duk wanda zai yi magana a kan fitarmu ta Lahadi ya fara sanin wannan tukuna.

Na farko cikin masu magana su ne masu dariya, masu cewa ga manyan mata can suna wasan yara. Yawancinsu sa'o'in mazajenmu ne, kuma mantuwa ta yi musu yawa. Suna samari lokacin mulkin Thomas Sankara, daga 1983 zuwa 1987, sa'ad da ma'aikata ke ajiye alƙalami ran Litinin da Alhamis su fita motsa jiki, shi kansa shugaban ƙasa an san shi da hawan keke. A lokacin babu wanda ya kira shi wasan yara. Yau a Zango kowa ya san gidajen da ake shan maganin hawan jini da na ciwon suga, kuma duk wadda ta je asibiti da ɗayansu magana guda take jiyowa daga likita, a rage gishiri, a rage zaƙi, a motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. A ina matar Zango za ta samo su? Tsakar gidan da ba ta fi tabarma huɗu ba? Gidan motsa jiki na kuɗi, da kiɗa da maza? Tafiyar ƙasa tana da kyau ga mai gwiwa lafiyayya, amma mai ƙiba da ciwon gwiwa keke ya fi mata sauƙi, don sirdi ne ke ɗaukar nauyin jikinta. Mai dariyar nan shi ne gobe za a zagayo da kwano gabansa a ce Hajiya wance ɓarin jikinta ya shanye, a taimaka da kuɗin magani. Zai bayar, na sani, mutanenmu ba su da rowa a wannan. Amma da ya kame bakinsa tun farko da sadakarsa ta fi haka girma.

Na biyu su ne masu shigowa da rigar addini. Waɗannan ina girmama su in da gaske suke, don haka a natse zan yi musu tambaya. Malam, matarka tana tuƙa babur, wanda mu nan muke cewa moto, ko ba ta tuƙawa? Tana tuƙawa. Kai ka saya mata, har ka yi alfahari ranar da aka kawo shi daga shago da ledarsa a jikin sirdi. Zaman da take yi a kan babur da wanda za ta yi a kan keke, ina bambancinsu? Hijabin da ta sa a can shi za ta sa a nan. Titin guda ne, idanun da ke bakin titin ma su ne dai. In kuwa ba ta da babur, koren taksi take shiga, a cusa ta kujerar baya da maza ukun da ba ta taɓa gani ba, kafaɗa na gugar kafaɗa har inda za ta sauka. Lokacin da aka yi taƙaddama a Kano a 2005 kan hawan mata acaɓa, har gwamnati ta shigo da A Daidaita Sahu, abin da aka yi ƙorafi a kai shi ne mace ta zauna jiki da jiki da namijin da ba muharraminta ba a sirdi guda. Mace a kan kekenta ita kaɗai ce a sirdi. In da gaske gudun cakuɗuwa ne ke damun mutum, shi ya kamata ya riga kowa zuwa wurin mai sai da keke.

Ba fatawa nake bayarwa ba, fatawa tana da masu ita. Amma mu ma mun zauna gaban malamai mun ji karatu. Mun ji cewa matan sahabbai sun hau raƙuma sun yi tafiye-tafiye. Mun ji labarin da Bukhari ya kawo na Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, tana ɗauke da ƙwallayen dabino a ka daga gonar mijinta Zubairu, Manzon Allah (SAW) ya gamu da ita a hanya ya durƙusar da raƙuminsa don ta hau, kunya da tunanin kishin mijinta suka hana ta. Da ta koma gida ta ba Zubairu labari, sai ya nuna mata cewa dakon da take sha ya fi yi masa ciwo a kan hawan. Zubairu mai kishi ne, matarsa da kanta ta shaide shi, amma kishin bai rufe masa ido ga wahalarta ba. Ina roƙon mazan Zango su ɗora nasu kishin a wannan sikelin su gani. A ƙasar Hausa ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru, mata na tasowa daga ƙauyuka ƙungiya-ƙungiya a bayan jajinsu, suna cin doguwar hanya neman ilimi. Fitar mata a ayari, cikin sutura, da shugaba, a kan wata manufa sananniya, ba mu muka fara ta ba.

Tunda addini ya ƙi ɗaukar kayan, bari mu sauke su a inda suka dace. Abin da ke damun mutane shi ne keke abin hawan talaka ne. Tun da baburan ƙasar Sin suka cika gari a farkon shekarun 2000 suka karya farashi, aka yi wa mutanen Wagadugu sabon ma'auni: mai mota a sama, mai babur a tsakiya, mai keke a ƙasa yana shaƙar hayaƙin kowa. Mu kuma Hausawan Zango, jikokin fatake, muna da wani tsohon ciwo na ganin kamar mun ɗara maƙwabtanmu. Matan Mosawa su hau keke su kawo kayan miya kasuwa, wannan daidai ne a wurinmu, har mu taya mu saya. Amma matar Alhaji? Ai sai a ce Alhaji ya karye. Ɗaya daga cikin matan biyun da suka daina zuwa da bakinta ta faɗa mini: maigidan bai ce haramun ne ba, cewa ya yi kada a ja masa raini a kasuwa.

To Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma girman da keken mata zai iya zubarwa dama can bai zauna daidai ba. A 2023 litar fetur ta kai sefa 850 a garin nan. Matar da ke suyar ƙosai ko take ɗinkin hula ta san awa nawa take yi kafin ribarta ta kai haka, alhali kuɗin facin keke bai kai na rabin lita ba. Da yawa cikin gidajen da ake yi wa keke kallon raini, baburin da ke ƙofarsu bashi ne, wani ma a jingine yake tun watan jiya babu mai. Mun yarda mace ta zauna a ɗaki kamar kayan ajiya, ta rasa zuwa ganin uwarta, don kada a gan ta a kan abin hawan da bai yi tsada ba. Sannan akwai rashin kunya a cikin wannan girman kan. Matan da muke ganin keke ya dace da su amma ya yi wa namu kaɗan, jikokin mutanen da suka ba kakanninmu masauki ne, kuma da ƙafafunsu suke shigo da abin da muke zubawa a tukunya kowace safiya. Wanda ya ci miyar da keke ya kawo ba shi da bakin zagin keke.

Akwai kuma wadda ake yi a ɗaki, ƙasa-ƙasa, tsakanin mata, wai keke yana hana haihuwa ko yana taɓa mahaifa. Gani ya kori ji. A fita bakin titi daga ƙarfe shida zuwa bakwai na safe a ƙirga goyon da ke wucewa a kan keke. Mai juna biyu, ko wadda aka yi wa aiki bai daɗe ba, ko mai ciwon zuciya, wannan tsakaninta da likitanta ne, mu ma ba ma karɓarta sai ta tambayo. Sauranmu kuwa, da yawa mun aurar da 'ya'ya, wasu har da jikoki.

Yanzu zan juyo kan 'yan gida, waɗanda ke tare da mu a baki amma suke neman ƙwace mana tafiyar. 'Ya'yanmu samari masu bin Tour du Faso, da wasu ƙannenmu mata 'yan boko, sun zo sun gani suka ce wannan ai tafiyar hawainiya ce. Wai a sa agogo, a ƙara nisa, a riƙa ba ta ɗaya kyauta don a samu kuzari. Na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi. Matar da ta yi shekara ashirin da biyar ba ta hau keke ba, jikinta bai manta ba, zuciyarta ce ta tsorata. Abu biyu take tsoro: ta faɗi a gaban mutane, ko a tafi a bar ta a baya tana haki yara na kallo. Ranar da ɗayan biyun nan ya same ta, daga ranar ba za mu sake ganinta ba. Tsere mutum ɗaya yake fitarwa, ya mai da sauran 'yan rakiya. Mai ƙarfin tsere ba ta bukatarmu, tana iya fita ita kaɗai ko ta bi ƙungiyoyin wasanni. An shirya tafiyar nan ne saboda wadda ta fi kowa tsoro, kuma saurinta shi ne saurinmu.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Salaga sayen goro watanni yake yi a hanya. Yana da madugu, yana da jagaba da ke gaba yana duba hanya, kuma da saurin jakin da ya fi kowanne nauyin kaya yake tafiya, ko da akwai ingarma a cikinsa, don wanda aka bari a baya rabon 'yan fashi ne. Kalmar zango kanta ma'anarta inda matafiya suka tsaya suka huta. Mutanen da sunan unguwarsu ke nan bai kamata a zo ana koya musu darajar tafiya a hankali ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, mu kuwa babu inda muke sauri.

A kan wannan tsarin muka gina namu. Wadda ta fi sanin hanya ita ce jagaba, tana gaba, ba a wuce ta. Wata mai ƙwari tana can ƙarshe da famfo da kayan faci, ita kuma ba ta wuce kowa. In ɗaya ta tsaya, duka an tsaya, ba a tambayar dalili. Sabuwar zuwa ba ta hawa titi a ranar farko. Fili muke kai ta, a sauke mata sirdi har tafin ƙafafunta biyu su taɓa ƙasa tana zaune, ta yi ta tura keken da ƙafa tana koyon kama birki, na baya kafin na gaba, sai hannu ya saba sannan ta ɗora ƙafa a feda. Mafi yawansu kafin rabin awa jiki ya tuna, sai ka ji mace mai jikoki tana ƙyalƙyala dariya kamar ta tsinci kuɗi. Keken mata muke nema, marar sandar tsakiya. Wando a ƙarƙashin zane, hijabi wanda bai wuce gwiwa ba ko kuma a tattare shi a zauna a kai, don dogon hijabi in ya shiga sarƙa ko wayoyin taya shi ke kayar da mutum. Kowace da gorar ruwanta. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe bakwai da rabi a gida take yi mana. Da hunturu kuma mu rufe hanci saboda ƙura. Manyan titunan Waga 2000 da safiyar Lahadi fayau suke, nan muke bi.

Amfanin fita a ayari kuwa sai wadda ta gwada. Mace ɗaya a kan keke, ƙaramin yaro ma sai ya yi mata ihu. Mata goma a jere, mai shayin da ya buɗe baki zai yi tsokana sai ya gyara zama ya ce sannunku Hajiya. Direban da ba zai ga mutum ɗaya ba dole ya ga goma. Kunyar da za ta durƙusar da mace guda, in aka raba ta gida goma kowa na iya ɗaukar tata.

Cikin duk abin da aka faɗa, magana ɗaya ce mai nauyi, ita ce ta haɗari. Wasu manyan titunanmu suna da layin masu ƙafa biyu, kamar wanda ya bi ta gaban jami'a, da a da ake kira Charles de Gaulle, tun Oktoban 2023 kuma yake amsa sunan Thomas Sankara. Amma babura ne suka cika layin, suna gudu kamar ana korarsu, ga manyan motoci a mararraba, ga ramuka a hanyoyin unguwa. Ɗan da ya ce yana tsoron a kaɗe masa uwa ban ga laifinsa ba, Allah ya yi masa albarka. Sai dai ina tuna masa cewa uwar nan tana hawa bayan baburinsa yana gudu da ita ninki uku na gudun keke, babu hular kwano a kanta ko a kansa. Saboda haɗarin nan ne muka zaɓi asubar Lahadi, muka zaɓi jeri, muke koya wa kowace ta miƙa hannu kafin ta karya kwana, ta sauka ta tura keke a mararrabar da ta fi ƙarfinta. In yana son taimako, ya duba mata birki ran Asabar, ya sa bakinsa cikin masu neman a gyara layin keke a kuma hukunta masu gudun ganganci. Zaman ɗaki ma yana kisa, a hankali yake yi, shi ya sa ba a taɓa kai shi ƙara ba.

Saura masu cewa abin Turawa ne muka ɗauko, da takwarorinsu masu son mai da shi abin Turawa. Gaskiya ne ana irin wannan a wasu ƙasashe. A Biritaniya hukumar wasan keke ta ƙasar ta fara wani shiri mai suna Breeze a 2011, mata na jagorantar mata a tafiya mai sauƙi. A birnin Izmir na Turkiyya wata malamar makaranta, Sema Gür, ta fara tara mata su fita kan keke cikin kwalliyarsu a 2013, abin ya bazu zuwa wasu biranen duniya. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke. Madalla da su. Amma su can sai da aka zauna aka tsara shiri kafin mace ta koma kan keke. Mu malamarmu maƙwabciyarmu ce mai sai da kabeji, ita ta nuna mana yadda ake ɗaure zane kada ya kama sarƙa. Abin da Turawa ke kashe kuɗi su koya, a ƙofar gidanmu yake wucewa kullum safiya.

Shi ya sa da wasu suka zo da takarda, suka ce za su nemo mana tallafi, a buga riguna iri ɗaya, a yi ƙyalle mai rubutu, a kira masu ɗaukar hoto, har da ɗan kuɗin zama, muka yi musu godiya muka sallame su. Matar da da ƙyar ta shawo kan mijinta da surukarta, hotonta ɗaya a Facebook ya isa ya mai da ita ɗaki har abada. Tafiyar da aka ɗora a kan kuɗin wani kuma, ranar da kuɗin ya ƙare ranar take mutuwa. Abin da muke bukata yana nan cikin gidajenku: tsofaffin kekunan da yara suka girma suka bari, suna can bayan ɗaki kaji na kwana a kansu. A fito da su, a kai wa mai gyara ya sa taya da birki, a ba wadda ba ta da shi.

Amfanin abin ya fara fitowa tun yanzu. Ɗaya daga cikinmu, wadda makonninta na farko a fili ta yi su tana tura keke da ƙafa, yau ita ke kai wa mahaifiyarta abinci da magani a wata unguwa ran Talata da Juma'a, ba ta jiran ɗa, ba ta roƙon kuɗin taksi. Burinmu gaba ɗaya shi ne wata Lahadi, in ƙafafu sun yi ƙwari, mu taka daga Waga 2000 har titin Kwame Nkrumah, mu tsaya a inda gidajen iyayenmu suke a da, mu nuna wa juna, mu sha ruwa, mu juyo. Wadda ta ci wannan nisan babu gidan 'yar'uwar da zai sake yi mata nisa a garin nan.

Don haka roƙona ga mazajenmu da yayyenmu shi ne, wanda ba zai iya sayen keke ba ya iya bakinsa, wannan kyauta ne. Ga malamanmu, in an kawo muku ƙarar mace don ta hau keke, ku tambayi mai ƙarar da me take zuwa asibiti, kuma wa ke kai ta gidan uwarta. Ga 'yan'uwana mata masu leƙe ta katanga suna dariya, na san da yawanku ƙafarku ce ke ƙaiƙayi, ku fito, akwai keken aro. Ku biyun da aka sauke kuwa, gurbinku yana nan a tsakiyar jeri, bayan jagaba, kuma ba za mu ƙara sauri ba har ku dawo.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mu a kan hanya. Wassalam.